Ina Zango Yake a Cikin Ƙidayar Ghana?



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisunmu, ko a Nima, ko a Aboabo, ko a wajen 'yan uwanmu da ke Landan da Bronx. Wani zai ce mu 'yan zango mun kai rabin ƙasar Ghana, gwamnati ce kawai take ɓoye lissafi. Wani kuma zai ce a'a, ai ba mu taka kara mun karya ba, surutu ne kawai ya yi mana yawa. Ana gama shan ataya kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. To yau sai na ce bari mu ajiye ji-ta-ji-ta, mu buɗe takardun ƙidaya tun daga zamanin Turawa zuwa 2021, mu jera alƙaluman ƙasa baki ɗaya a gefe guda, na unguwanninmu a ɗaya gefen, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Abu na farko da za ka lura da shi, babu wani layi a takardar ƙidaya da aka rubuta "ɗan zango". Ana tambayar ƙasarka, ana tambayar ƙabilarka, ana tambayar addininka, ana rubuta garin da ka kwana a daren ƙidaya. Zango kuwa ya ratsa duka huɗun nan, babu ɗaya da ta ɗauke shi dukansa. Saboda haka duk mai son ganin zango a cikin lissafi, dole ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

LOKACIN DA KOWA BAHAUSHE NE

Tun kafin a san wata ƙasa wai ita Ghana, kakanninmu suna fataucin Gwanja. Ayari ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya sauka Salaga, ya ɗauki goron da ya fito daga dazuzzukan Asante ya koma. Kalmar zango kanta daga nan ta fito, wato masaukin ayari. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta ɓalle daga ƙarƙashin Asante, hanyar goro ta rikice. Sai kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji, Atebubu da Kintampo, wasu suka gangara har bakin teku. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda wannan guguwa ta ɗauko daga Salaga.

Hanya ta biyu ita ce ta soja. Kyaftin Glover ya zo da dakarunsa daga Legas a yaƙin 1873 zuwa 1874, ana kiransu Hausawan Glover, kuma daga irinsu aka gina rundunar da ta zama sojan Gold Coast. Amma fa da yawa daga cikin waɗannan sojoji ba Hausawa ba ne. Akwai Yarabawa, Barebari, Zabarmawa, Mosawa, Gurunsawa. Abin da ya haɗa su shi ne harshen bariki, wato Hausa, da kuma salla ga masu yi. A wurin Bature da mutumin kudu, duk wanda ya sa riga da hula ya fito daga arewa, to "Hausa" ne, shi ke nan.

A cikin wannan hali aka fara ƙidaya a 1891, aka sake a 1901, 1911, 1921, 1931, yaƙin duniya ya hana ta 1941, sai aka yi a 1948 aka sami mutum miliyan 4 da 'yan kai. Na farko-farkon nan yankin bakin teku kawai suka fi shafa, kuma galibi ta hannun sarakuna ake tattara lissafin. A daidai wannan zamani ne zangunan birane suka kafu. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, koko da ma'adinai suka jawo ma'aikata daga arewa da ƙasashen Faransa. A Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1912, sannan Malam Amadu Futa ya sauka a Nima a farkon shekarun 1930.

Zangon wancan lokaci bai yi kama da sauran ƙasa ba ko kaɗan. Ƙasa yawancinta ƙauye ce, zango kuwa a gari yake. A ƙauye iyali ne da mata da yara da tsofaffi, a zango samari ne da magidanta da suka baro iyali a gida, suna haya a ɗakunan maigida, kowa da niyyar in ya tara abin da ya tara zai koma. Da yawa ba su koma ba. Suka auri 'yan ƙasa ko suka aika aka kawo musu mata, aka haifi iyayenmu.

1960 DA 1970: SHEKARA GOMA DA SUKA CANZA KOMAI

Ƙidayar watan Maris na 1960 ita ce ta farko bayan samun 'yancin kai, kuma ita ce ta farko da aka yi a tsarin zamani. Ta nuna mutum miliyan 6.7. A cikinsu sama da 800,000, wato wajen kashi 12 cikin 100, an rubuta su a matsayin masu asali daga wata ƙasa: Togo, Upper Volta wadda yanzu ita ce Burkina Faso, Najeriya, Nijar, Mali da sauransu. 'Yan Najeriya kaɗai sun kai wajen 190,000, kuma Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsu. Ka lura da kalmar "asali". Da yawa daga cikin waɗannan mutane a nan aka haife su, ba su taɓa taka ƙasar da aka jingina musu ba.

Kashi 12 ɗin nan matsakaicin ƙasa ne. A ƙauyen Fante ko na Ewe mai yiwuwa ka wuce gida ashirin ba ka ga baƙo ba. A zangon Kumasi ko Nima kuwa lissafin juyewa yake yi, masu asalin waje su ne jama'ar unguwa. A lokacin kashi 23 cikin 100 ne kawai na mutanen Ghana ke zaune a birane, alhali zango tun fil'azal ɗan birni ne.

Siyasa ta riga ta fara nuna alamar abin da ke tafe. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta Muslim Association Party, mai ƙarfi a zangunan Accra da Kumasi, ta shiga sahun adawa da Nkrumah. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba na Kumasi da Alhaji Usman Ladan Lalemi zuwa Najeriya, duk da cewa sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. A ƙarshen wannan shekara kuma aka yi dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Darasin da zango ya ɗauka shi ne, zamanka ɗan ƙasa abu ne da ake iya ja da shi ranar da aka ga dama.

Sai ranar 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wa yake da takarda a lokacin? Mutumin da ya shigo da ƙafa a bayan shanu tun zamanin Bature, wa ya taɓa tambayarsa fasfo? Cikin 'yan watanni sama da mutum 200,000 suka fita, wasu masu lissafi ma sun kai adadin nesa da haka. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan farashin banza, an raba mata da maza, an bar yara a hannun maƙwabta.

Yanzu ka dubi kwanan wata. An yi ƙidaya ta gaba a watan Maris na 1970, wata uku kacal bayan wa'adin korar. Ta nuna mutum miliyan 8.6, baƙi kuma sun sauko zuwa kashi 6.6. Wani ɓangare na wannan faɗuwa gaskiya ne, mutane sun tafi. Amma ka sa kanka a matsayin dattijon da ya tsira, sai ga ma'aikacin gwamnati da takarda da biro a ƙofar gida yana tambayar daga ina kake. Me za ka ce masa? Daga wannan lokaci ne tsoron takarda ya shiga jinin zango. Wanda kakansa ya fito daga Dosso ya zama ɗan Bawku, wanda ya fito daga Katsina ya zama ɗan Salaga, wani kuma ya kulle ƙofa ya ce babu kowa a gida. Ba mai zarginsu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

LAYIN BAƘI YA SAUKA, LAYIN MUSULMI YA HAU

Bari mu jera layi biyu mu gani. Na farko, waɗanda ba 'yan Ghana ba: wajen kashi 12 a 1960, kashi 6.6 a 1970, wajen kashi 4 a 2000, kashi 2.4 a 2010, sai wajen kashi 1 a 2021. Ma'aunin 1960 na asali ne, na baya-bayan nan kuma na zama ɗan ƙasa ne, amma duk da haka hanyar a bayyane take. Na biyu, Musulmi: wajen kashi 12 a 1960, kashi 15.9 a 2000, kashi 17.6 a 2010, kashi 19.9 a 2021. Ɗaya yana gangarowa, ɗaya yana hawa.

Ma'anar wannan ita ce zangon yau ba masaukin baƙi ba ne kuma. Sunan ne ya rage. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Bayan aure da haihuwa na shekara ɗari a wuri guda, gida nawa ne a zango da ba su da kaka Bagwanja ko Badagomba ko 'yar Asante ko 'yar Ga? Wanda har yanzu yake kallon Nima a matsayin unguwar baƙi, da idon 1960 yake kallo.

Layin addini shi ne ya fi tayar da ƙura. Da aka fitar da sakamakon ƙidayar 2000, gamayyar ƙungiyoyin Musulmi ta ƙi amincewa da shi a 2002, ta ce Musulmi sun kai kashi 30 ko fiye. Har gobe za ka ji wannan adadi a bakin mutane, wasu ma su ce 45. To amma ƙidaya uku a jere, ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, sun ba da 15.9, 17.6, 19.9, suna hawa a hankali ba tsalle. In akwai waɗanda aka tsallake, kuma kowace ƙidaya a duniya tana tsallake wasu, da wuya su ninka adadin.

Me ya sa to muke jin kamar mun fi haka? Saboda inda muke tsaye. Yaron da ya tashi a Aboabo ko Sawaba, ya ji kiran salla daga masallaci biyar lokaci guda, ya ga titi ya toshe ranar Idi, dole ya ɗauka haka ƙasar take. A gundumar Asokore Mampong, wadda aka cire daga Kumasi a 2012, alƙaluman 2010 sun nuna Musulmi sun fi rabin jama'a, alhali a jihar Ashanti baki ɗaya ba su kai kashi 20 ba. A jihar Greater Accra wajen kashi 12 ne a 2010, amma ka shiga Nima ko Maamobi ko Fadama da azumi ka gani. Idonka bai yi ƙarya ba, takardar ma ba ta yi ba. Kai unguwa kake gani, ita ƙasa take ƙirgawa.

Kuma kada mu raina abin da ke hannu. Kashi 19.9 na mutum miliyan 30.8 ya haura miliyan 6. A 2000 wajen miliyan 3 ne. Wato Musulmi sun ninka cikin shekara 21, alhali ƙasar ta tashi daga miliyan 18.9 zuwa 30.8, ba ta kai ninki ba. Sai dai a tuna, Musulmin Ghana ba duka 'yan zango ba ne. Akwai Dagomba, Gwanjawa, Wala, Mamprusi da Sisala a garuruwansu na arewa, tsohuwar jihar Arewa ma wajen kashi 60 Musulmi ne a 2010. Akwai Musulmin Fante da na Asante. Haka kuma ba duk ɗan zango ne Musulmi ba, akwai Frafra da Dagarti da Ewe Kiristoci da muka tashi gida ɗaya da su, suna Hausa kamar mu.

BAHAUSHE A LAYIN "SAURA"

Yanzu ga abin mamaki. A zamanin Bature kowa Bahaushe ne. A takardar yau kuwa, ka nemi Bahaushe a manyan rukunan ƙabilu ba za ka gan shi ba. Ƙidayar 2021 ta ba da Akan kashi 45.7, Mole-Dagbani 18.5, Ewe 12.8, Ga-Dangme 7.1, Gurma 6.4, Guan 3.2, Grusi 2.7, Mande 2.0. Sai layi na ƙarshe, "saura", kashi 1.6. A nan ake zuba Hausawa da Fulani da Zabarmawa. Mutum ƙasa da rabin miliyan ke nan gaba ɗaya.

Dalilai uku ne suka sa layin ya yi siriri haka. Na ɗaya, a ƙidayar 2010 'yan ƙasa kaɗai ake tambaya ƙabila, wanda aka rubuta ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ba ya shiga wannan lissafi. Na biyu, tsoron nan na 1969 da muka gada, wanda ya sa wasu gidaje suka gwammace su ba da sunan ƙabilar uwa ko ta kaka. Na uku, kuma shi ne babba, yawancin masu Hausa a zango da ma ba Hausawa ba ne a jini. Mosawa da Kotokoli da Chamba da Busanga da Wangarawa, kowa yana da layinsa a wani rukuni, amma a kasuwa da masallaci da filin ƙwallo Hausa ake yi. Ƙarfin Hausa a Ghana a baki yake, layin ƙabila kuwa jini yake tambaya. Shi ya sa gidan rediyon GBC ya daɗe yana labarai da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyinsu a makarantu.

Irin wannan ya faru a layin karatu. Teburan 2010 sun kasa masu iya karatu da rubutu zuwa Turanci, harshen Ghana, da Faransanci. Larabci ba shi da layi mai sunansa. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, ya karantar da yara shekara talatin a makarantar allo, ina zai faɗa? Wannan ba yana nufin ba mu da matsalar boko ba ne, muna da ita, kowa ya sani. Amma in za a auna mu, a auna da mudun da zai ɗauki abin da muke da shi.

Haka maganar gida. An ce matsakaicin iyali a Ghana ya sauko daga mutum 4.4 a 2010 zuwa 3.6 a 2021. A wurin masu ƙidaya, iyali shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. To gidan haya na zango mai ɗaki goma sha biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya ko babu, zai iya fitowa a takarda a matsayin iyali goma ƙanana, kowanne daidai da matsakaicin ƙasa. Cunkoson ba zai fito ba sai an duba mutum nawa ne a ɗaki, gida nawa ne ke da bayi. Ƙasa baki ɗaya mutum 129 ne a kowace murabba'in kilomita a 2021, Greater Accra sama da 1,600, Nima da Maamobi kuwa suna cikin wuraren da suka fi ko'ina matsi a cikin birnin kansa.

ME YA SHAFE MU?

Wani zai ce to duk wannan lissafi na mene ne, zai sa tuwo a kwano? E, zai sa. Tsarin mulki ya ce a sake duba iyakokin mazaɓu bayan an fitar da sakamakon ƙidaya. Da yawan jama'a ake kafa hujjar ba wa yanki gundumarsa. Da alƙaluman gunduma ake tsara inda za a sa makaranta da asibiti da famfo. Shekara da shekaru Nima da Maamobi suna narke a cikin babban lissafin Accra, matsakaicin birni yana haɗa su da Cantonments da Airport Residential, kamar ka haɗa mai cin kaza da mai shan koko ka ce kowa ya ci rabin kaza. Sai a 2018 aka kafa gundumomin Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, ƙidayar 2021 ta zama ta farko da suka fito da layinsu, ɗaya sama da mutum 50,000, ɗaya sama da 60,000. In kana ganin adadin ya yi kaɗan, tambayar farko ita ce, gidanku an ƙirga kowa?

A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango, aka kuma yi dokar asusun raya zango. Ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba aka rushe ta. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, darasi ɗaya ya fito: wanda zai je neman haƙƙi gaban hukuma da "muna da yawa wallahi" zai dawo hannu rabbana. Wanda ya je da takarda, ga yawan yaran da suka isa shiga makaranta a unguwarmu, ga yawan azuzuwa, ga matsakaicin ƙasa, ga namu, shi ake saurara.

Iyayenmu sun ɓuya daga mai ƙidaya saboda suna da dalili, sun ga abin da ya faru a 1969 da idonsu. Mu kuma zamaninmu daban ne. Katin Ghana ya zama mabuɗin banki da layin waya, kuma mun san yadda ake tsare mai suna Garba ko Hamidu da tambayar garin kakansa, tambayar da ba a yi wa wasu. Maganin wannan ba ɓuya ba ne. A yi wa yara rajistar haihuwa da wuri. A zauna da tsofaffi tun suna raye a rubuta wa ya haifi wa, a ina, a wace shekara. Masu boko a cikinmu su sauke rahotannin gundumomi daga shafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa a intanet, kyauta ne, su karanta su fassara wa jama'a a masallaci da majalisa. In lokacin ƙidaya ya zagayo, samarinmu su nemi aikin, domin ɗan unguwa ne ya san lungun da ke bayan lungu, ya san ɗakin da mutum takwas ke kwana.

Ku kuma 'yan uwa da ke Ingila da Amurka da Jamus da Saudiyya, abin bai bar ku ba. A takardun can ma sau da yawa "baƙar fata ɗan Afirka" ne layinku, ko ɗan Ghana kawai. In an ba da wurin rubuta harshen gida, ku rubuta Hausa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sauke kaya a wannan zango, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Wassalam.